Kada mu cinye iri

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a ƙungiyoyinmu na raya al'adu da makarantunmu, tun daga Yamai har Damagaram, wadda lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta, wato ɓarna. Ga yadda take faruwa. Ƙungiya ta yi fafutuka ta samu kyamarar bidiyo mai kaifin hoto. Sai ta aiki wani saurayi ya ɗauko mata hawan salla, ko kokowar gari, ko wasan kwaikwayon ƴan makaranta, ko hira da wata tsohuwar zabiya wadda ita kaɗai ta rage da waƙoƙin daka na garinsu. Saurayi ya komo, ya zauna gaban kwamfutar gida, ya zuba abin da ya ɗauko cikin manhajar juya bidiyo, ya matse aikin awa biyu har ya koma abin da salula za ta iya haɗiyewa, ya ɗora masa kiɗan da ransa ya so, ya watsa a WhatsApp. Kowa ya yaba. Da yake gobe akwai wani biki kuma katin ya cika, sai ya goge shi.

Manomin Gobir ko na Katsinar Maraɗi, komai tsananin yunwar bazara, yana da damin da ba ya taɓawa a rumbu, domin shi ne iri. Abin da kyamara ta rubuta a kan kati ko kaset tun farko, wanda zan riƙa kira uwar ɗauka, shi ne irinmu. Duk wani kwafi da aka juya domin salula ko DVD ko Facebook tuwo ne, a ci yau a manta gobe. Abin da nake tuhumar ƴan uwana da shi, malamai da shugabannin ƙungiyoyi kafin samarin da suke aika, shi ne sun tuƙa tuwo da iri, kuma suna jin sun yi wa al'ada hidima.

Bari mu duba abin da ake zubarwa, da lissafi. A shekara ta 2003 kamfanonin Canon da Sharp da Sony da JVC suka fito da tsarin HDV, wanda ke rubuta hoto mai kaifi a kan ƙaramin kaset irin na MiniDV. A 2006 Sony da Panasonic suka fito da AVCHD, wanda ke rubutawa a kan kati ko faifai, shi ne mai fayilolin nan da sunansu ke ƙarewa da MTS. Cikakken hoton irin wannan kyamara yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo fiye da miliyan biyu a kowane hoto guda. Hoton DVD namu yana da 720 da 576, kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Hoton VCD yana da 352 da 288, kashi ɗaya cikin ashirin. Wanda ya juya hawan Sarkin Damagaram zuwa girman VCD ya goge uwa, ya zubar da kashi goma sha tara ya riƙe ɗaya.

Kuma ɗigo ba shi ne duka labarin ba. Kyamarar AVCHD, a matsayinta mafi kyau na asali, tana rubuta megabit 24 a kowace daƙiƙa, VCD kuwa bai kai megabit ɗaya da rabi ba. Dabarar matsewa ita ce a jefar da abin da na'ura ta ɗauka ido ba zai lura da shi ba, kuma inda ta fi yin ɓarna shi ne inda motsi ya yi yawa da inda zane ya yi ƙanana. To, me muke ɗauka in ba waɗannan biyun ba? Ƙurar fage lokacin da ɗan kokowa ya kai hannu ga ƙafar abokin karawarsa, yatsun makaɗi a kan gurmi, tsawiryar kalangu tana matsuwa a hammata, aikin allura a wuyan babbar riga, tsagar fuskar tsohuwa wadda ke faɗin asalinta kafin ta buɗe baki, adon sirdi da linzami. Duk wannan shi ne ke fara narkewa ya koma tabo-tabo. Kowane juyi yana ƙara cin wani abu: kyamara ta matse sau ɗaya, manhajar juyawa ta matse na biyu, WhatsApp ya matse na uku, wanda ya karɓa ya saka a Facebook an matse na huɗu. Abin da aka zubar ba ya komowa. Manhajojin da ake tallatawa yanzu da sunan suna mai da dusasshen hoto mai kaifi, ƙirƙiro abin da ya ɓace suke yi bisa zato. Za su ba ka fuska mai kyau, amma ba su san tsagar Gobirawa ba, balle su mayar da ita inda take.

Na san amsar farko da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce: jama'armu a salula suke kallo, kuɗin intanet yana da tsada, layi yana da rauni a ƙauye, fayil mai nauyi ba zai isa ga kowa ba, amfanin al'ada a gan ta. Gaskiya ne. Ban ce kada a yi ƙaramin kwafi ba, a yi goma ma. Abin da ban gane ba shi ne me ya haɗa yin ƙaramin kwafi da kashe uwa. Mai ɗab'in littafi ba ya ƙona rubutun marubuci don ya buga ƙaramin bugu mai araha. Idanunmu sun yi shekaru suna kallon finafinan Kano a kaset da VCD, tun daga Turmin Danya na 1990, har muka saba da dusasshen hoto muka ɗauka haka bidiyo yake. Sabon idonmu ne wannan, bai kamata ya zama ma'aunin abin da za mu bar wa na baya ba. Allon da jikokinmu za su yi kallo da shi ba mu san girmansa ba. Lokacin da Nijar ta kai barkwancin taubasai gaban UNESCO har aka shigar da shi cikin jerin gadon al'adun duniya a 2014, sai da takardun neman suka tafi da gajeren fim, domin ƙa'ida ce ga kowace ƙasa mai nema. Ranar da za a so kai wata al'adarmu, ko a nuna ta a majigin wani biki, ko a talabijin, da wane ido za mu miƙa abin da aka ciro daga salular wani?

Ɓarna ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin ita da hannu ake yin ta, a wurin aikin da masu sana'a ke kira montaj, wato yankawa da jerawa. Salon masu ɗaukar biki ya mamaye komai. A bikin aure babu laifi a sa hoto ya juya kamar fanka, a sa furanni su zubo, a ɗora waƙar da amarya ke so. Ita ta biya, nata ne. Amma an ɗauko wannan salo an ɗora shi kan abin da shaida ne. Za ka ga tsoho yana ba da tarihin kafuwar garinsu, a ƙarƙashin muryarsa an shimfiɗa kiɗan fiyano, sunan ƙungiya da lambar wayar mai ɗauka suna gudu a ƙasan allo daga farko har ƙarshe, an kuma toya su cikin hoton yadda ba mai iya cire su. Za ka ga an kashe sautin fage gaba ɗaya, guɗa da tafi da ihun ƴan kallo, an maye gurbinsa da waƙar zamani. Wanda ya yi haka ya ɗauka sauti rakiya ne. A al'adar da ta rayu a baki, sautin shi ne rabin shaidar, wani lokaci ma shi ne dukanta.

Haka abin yake a wurin yanka. Mai montaj yana son kaye, saboda haka sai ya yanke duk abin da ya gabaci kaye. Amma duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san cewa kamun kansa yana iya ƙarewa cikin ƙiftawar ido, kokowar kuwa tana cikin shigowa da layu da guraye, da kirarin da ɗan kokowa ke yi wa kansa, da takensa da makaɗa ke bugawa, da zagayen fage, da ƴan wasan barkwanci masu kwaikwayon ƴan kokowa. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, abubuwa da yawa sun sauya a wannan wasa, a tufafi da kiɗa da ƙa'idoji. Mai binciken da zai so ya bi sawun wannan sauyi nan da shekara hamsin ba jerin kaye zai nema ba. Zai nemi abin da aka yanke aka zubar. Montaj zaɓi ne, kuma kowane mai zaɓi yana da ikon ya zaɓa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya hana na bayansa su yi nasu zaɓin.

Amsa ta biyu da ake bayarwa ita ce kwamfuta. Za a ce: na'urarmu tsohuwa ce, in an saka mata fayil na MTS sai ta riƙa tsayawa tana cijewa, dole mu juya shi ya yi sauƙi. Wannan matsala ce ta gaske, kuma tana da dalili. HDV da AVCHD ba su ajiye kowane hoto cikakke. Suna ajiye cikakke guda, sa'an nan su rubuta bambancin da ke tsakaninsa da waɗanda ke biye. Idan ka ce wa kwamfuta ta nuna maka hoto ɗaya a tsakiya, sai ta koma baya ta lissafo shi daga maƙwabtansa. Tsarin matsewa na H.264 da AVCHD ke amfani da shi ya fi na HDV nauyin lissafi, shi ya sa kwamfutocin wancan zamani suka sha wuya da shi. Amma maganin sananne ne, kuma kyauta ne. Ana yin ƙaramin kwafi mara nauyi a matsayin wakili, a yi duk yankan da jerin a kansa, in an gama sai manhaja ta koma ga uwa ta fitar da aikin daga gare ta. Shotcut da Kdenlive suna yin haka, ba a biyan ko dala, kuma ba a buƙatar satar manhajar kowa. Idan matsalar ita ce wata na'ura ta ƙi buɗe MTS, to, ba lalle sai an sake matsewa ba: FFmpeg yana iya sauya wa fayil mazubi kawai, daga MTS zuwa MP4 ko MKV, hoton bai ragu da ɗigo ɗaya ba, kamar a juye fura daga ƙwarya zuwa kwano. Sai a ƙarshe, in za a yi na rarrabawa, a ba HandBrake ya fitar da ƙarami. Juyi ɗaya tak, daga uwa, a ƙarshen aiki.

Akwai kurakurai uku da ke lalata aiki ko da niyya ta yi kyau, kuma ya kamata duk malamin da ke kula da ƙungiyar ƴan makaranta ya san su. Na farko, tsinto fayilolin MTS ɗaya-ɗaya daga kati. Katin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, saboda haka kyamara takan yanka doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa, bayanin yadda za a haɗa su kuwa yana cikin wasu ƙananan kundaye da ke gefe. Wanda ya bar su a baya yakan tarar da tsalle ko ɗaukewar sauti a mahaɗa, wataƙila a tsakiyar baitin da ya fi muhimmanci. A kwashe katin gaba ɗaya, yadda yake. Na biyu, yawan hotuna a daƙiƙa. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu an gina shi kan hoto 25. Kyamarar da aka yi wa kasuwar Amurka tana tafiya kan 30 ko 60. A ƙarƙashin wasu fitilu hotonta yakan yi ƙyafƙyafta, in kuma aka tilasta shi ya koma 25 sai rawa ta riƙa tuntuɓe, domin an cire hotuna biyar a kowace daƙiƙa. A duba wannan kafin a saya, in kuma an riga an saya, a bar aikin a kan adadinsa na asali. Na uku, siffar allo. HDV yana rubuta ɗigo 1440 ne a kwance, na'urar nunawa ita ke buɗe shi ya cika allo mai faɗi. Manhajar da ba ta gane haka ba sai ta fito da mutane sirara dogaye kamar sandar rake. Mun sha ganin irin wannan a taruka, ana nunawa, ba mai cewa komai.

Amsa ta uku ita ce wurin ajiya, kuma nan ne nake ganin laifin shugabanni ƙarara. Awa guda ta AVCHD a matsayi mafi kyau tana cin kusan gigabait 11. Faifan ajiya mai terabait ɗaya zai ɗauki kimanin awa 90. Ƙungiya nawa ce a Tawa ko Dogon Dutsi ke ɗaukar awa 90 na abin da ya cancanci ajiya a shekara? Kuɗin faifai biyu bai kai na kyamarar da aka saya ba, bai kuma kai abin da ake kashewa a kan rumfa da kujeru da lemo a taron buɗe aiki guda ba. Amma ka duba takardun neman tallafi da ƙungiyoyi ke rubutawa: akwai layin kyamara, akwai layin kuɗin zama, akwai layin riguna masu tambari, layin ajiya babu. Dalili a fili yake. Kyamara ana ɗaukar hoto da ita a hannun shugaba ranar da aka karɓe ta, faifan da ke kwance cikin akwati kuwa ba ya kawo wa kowa tafi. Araha ba ta ado, in ji masu magana, mu kuwa mun sayi adon mun yi rowar rumbu.

Kuma faifai ɗaya ba ajiya ba ne. Masu aikin adana kayan tarihi suna da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gida dabam. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wuta ke ɗaukewa tana komowa da ƙarfi, ruwan damina ke rushe ɗakunan ƙasa, wannan ƙa'ida ta fi zama wajibi a kanmu fiye da waɗanda suka tsara ta. Faifan DVD da aka toya a gida yana lalacewa da zafi da haske. Kati da ƴar sandar USB an yi su ne domin ɗaukar kaya daga nan zuwa can, ba a dogara da su shekaru. Facebook da YouTube kuwa gidan wani ne, suna sake matse duk abin da aka ba su, kuma ranar da aka rufe shafi ko aka manta kalmar sirri, shi ke nan. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi gaggawa shi ne kaset. A cikin akwatunan makarantu da gidajen matasa da ɗakunan tsofaffin masu ɗauka akwai kaset na MiniDV da HDV na shekarun 2000, cike da wasannin kwaikwayo da gasar waƙa da muryoyin mutanen da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. An daina ƙera kyamarorin da ke karanta su. Hanyar fitar da hotonsu ba tare da asara ba ita ce igiyar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, kuma sababbin kwamfutoci ba su zuwa da ramin da take shiga; ƴar igiyar da ake sayarwa mai kan USB a gefe guda ba ta yin wannan aiki. Kwashewar ma ba ta gaggautuwa, kaset na awa guda awa guda yake ci. Saboda haka duk tsohuwar kwamfuta mai wannan rami, da duk kyamarar kaset da ke da sauran numfashi, dukiya ce ta gari. Kada a ba yara su yi wasa da ita, kada a sayar wa masu gwangwan. A haɗa su wuri ɗaya a kowace jiha, a zauna a kwashe tun kan na'urar bai mutu ba.

Magabatanmu a wannan fage sun yi aiki da kayan da ba su kai namu ba. Mustafa Alasan ya ɗauki Aure a 1962, Umaru Ganda ya yi Cabascabo da Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, duka a kan zaren fim mai milimita 16, mai tsada, wanda sai an kai shi waje a wanke. Inda aka adana zaren asali, ana iya sake karanta shi da na'urorin yau a fito da hoto mai kyau. Cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968, wadda aka sani da CELHTO, an gina ta ne kan fahimtar cewa muryar tsoho abin ajiya ce, a rubuta sunansa da garinsa da ranar da ya yi magana. Abin kunya ne a ce zamanin da kowace ƙungiya ke da kyamarar da Ganda bai taɓa mafarkin irinta ba, shi ne zai bar wa tarihi mafi ƙarancin abin da za a iya amfani da shi.

Ga abin da nake nema, kuma ba ya buƙatar izinin wani minista. Kowace ƙungiya ta rubuta a dokokinta cewa ba a goge kati sai an kwashe shi wuri biyu, an kuma buɗe an tabbatar yana aiki. Uwar ɗauka ta zama mallakar ƙungiya, a hannun ma'aji, kada ta bi saurayin da ya ɗauka ranar da ya tafi Agadas ko Kano neman kuɗi. Kowace ɗauka ta samu shafi a littafi: rana, gari, sunan mai waƙa ko mai magana, harshe, abin da ya faru, da yardarsa, a kuma mayar masa da kwafi, shi ko iyalinsa, domin muryarsa ce. Suna da tambari da kiɗan ado su tsaya a kan kwafin rarrabawa. Masu ba da tallafi su ƙi sa hannu a kan takardar da ta nemi kyamara ba ta nemi faifai ba.

Ku kuma ƴan uwa malamai, ku kuka fi kowa sanin bambancin littafin asali da abin da ɗalibi ya kwafa daga wanda ya kwafa. Samarin da ke riƙe da kyamarorin nan daga azuzuwanku suka fito, kuma ba mugunta ke sa su goge kati ba, ba wanda ya taɓa gaya musu darajar abin da ke ciki. Tun 2005 UNESCO ta keɓe ranar 27 ga Oktoba domin gadon sauti da hoto, kuma tana faɗowa makonni kaɗan bayan komawa makaranta. A wannan rana ta bana, maimakon jawabi, kowace makaranta da kowace ƙungiya ta buɗe akwatunanta, ta ƙirga kaset da kati da faifan da take da su, ta rubuta abin da ke cikin kowanne, ta fara kwashewa daga wanda ya fi tsufa.